Ƙarfen motata a kan awarar Goggo

Na shigo gidanmu a Unguwar Sanusi, sai na tarar da sabon difaranshal ɗin motata zaune a kan buhun awara, ruwa na tsiyaya ta ƙasa.

Wata uku na yi ina zaɓen ƙarfen nan. Shi ne ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya, yana hana taya ɗaya juyawa a banza idan ka sha kwana. Iri biyu ne: mai faifan kuloci ya fi riƙo a filin tsere, amma yana ƙara a titi. Mai haƙoran giya ya fi laushi. Da ƙyar na tsaya a kan mai haƙora, tunda da motar nake zuwa ofis. Ranar Asabar akwai tseren motoci da zan shiga, bakanike yana jirana.

Na ce, "Goggo, kin san abin da kika ɗora kuwa?"

Ƙanwar babana ce, awara take sayarwa a ƙofar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani mana, dutse ne na Turawa. Kwana biyu ke nan awarata ba ta farfashe a mai ba."

"Na mota ne, Goggo! Akwai ma wani iri da na bari."

"Wanne ya fi nauyi?"

"Kusan ɗaya suke."

"To je ka sayo wancan ka sa wa motar."

Asabar dai a ɗan kallo na je.

Jama'a, wa ya taɓa ƙwato kayansa daga hannun goggo? Ya koya min.