Sallama a Gidan Dorina

Gombe

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Asabar muka bar Herwagana, ni da abokin aikina Malam Bulus, a kan sabuwar Vespa da ya saya bayan ƙarin albashi. Shi ya matsa mu je tsibirin da ke tsakiyar kogin Gongola mu ga dorina. Ni ko a rafi ban iya iyo ba, amma kunya ta hana ni faɗa. A bakin gari ɗan sanda ya tare mu, da ya ji inda muka nufa ya ce, “Malamai, rai ne ya ishe ku?” Bulus ya yi dariya, ni ban yi ba.

Bakin kogi

Bayan tafiyar mil ashirin da ’yan kai muka iso ƙarfe bakwai. Muka karya da koko da ƙosai na kwabo goma, aka haɗa mu da wani tsohon masunci mai kwale-kwale, Baba Manu. Muna shiga ruwa ya fara dukan gefen kwale-kwalen da filafili, ƙwam, ƙwam, ƙwam. A lissafina, idan dodo yana barci ai sanɗa ake yi. Na riƙe hannunsa na ce, “Baba, don girman Allah ka bari, za ka tashe su!”

Ya dube ni ya ce, “Malam, a bari?”

“A bari!”

Ganin ni mai ilimin boko ne, tsohon ya bari.

Ba mu yi minti biyar ba ruwan ya tsage a gefenmu. Kan dorina ya ɓullo, ya fi turmi girma, baki wangame, ga ɗanta a bayanta. Kwale-kwalen ya karkace, ruwa ya zubo mana har cinya. Bulus yana kiran Yesu, ni ina salati, Baba yana tuƙi iyakar ƙarfinsa.

Tsibiri

Ƙarfe takwas saura kwata muka faɗa kan yashi. Akwai birai a bisa itatuwa, da kada biyu suna shan hantsi, Bulus har ya ɗauki hoto. Ni ban ga komai ba sai ruwan da za mu sake ratsawa. Baba ya zauna yana haki, ya ce, “Malam, bugun nan sallama ce. In ta ji, sai ta ɗago mu ganta mu kauce. Ku a birni haka kuke faɗa wa mai jego ɗaki?” Kunya da tsoro suka haɗe mini.

Komawa

Ƙarfe goma sha ɗaya Baba ya ce ruwa ya yi ƙarfi, hannunsa biyu na tuƙi ne, sai wani ya yi sallamar. Na cire takalmina na kama duka. Can gaba, taku talatin, dorinar ta ɗago ta hura hanci. Ta tsaya tana kallonmu, muka yi kwana muka wuce, ban daina bugu ba har sai da Bulus ya ce, “Kai Malam, mun fa hau tudu.”

Mun shiga Gombe bayan la’asar. Na gode wa Allah da ya dawo da ni ga iyalina, na gode wa Baba Manu. Kwana uku hannuna bai iya riƙe alli ba.