Alewar Jikoki a Kan Sikeli

Gishiri kawai na zo saye, ga tukunya na baro a wuta, amma tsohon da ke gabana ya yi kane-kane a gaban sikelin mai kanti. Dogo ne, gilashinsa ɗaure da zare, yatsunsa biyu naɗe da filasta. Ba sayayya yake yi ba. Alewar da ya dafa da kansa ya ƙulla a leda bakwai, yana sa ana auna masa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ai duk ɗaya ne," in ji mai kanti.

"Ba ka san jikokina ba. Wannan ta fi nauyi, sake ɗorawa."

Yana kwancewa, yana gutsura, yana sake ƙullawa, ƙullin ma bai iya ba. Ni kuwa sai jan tsaki nake yi. Ina jin matarsa da ta saba raba musu da ido ba ta nan, don hannun nan bai daɗe da sanin zafin sukari ba.

Guntun da ya rage ya miƙo mini. Alewar ta ƙone, har ɗaci take yi.

"Yaya kika ji, 'yata?"

Miyata tana can tana kamawa, ga ni nan ina shirga wa tsoho ƙarya: "Ta yi daɗi, Baba."