Hoto Ɗaya Ya Rage

Ana ruwa tun la'asar a Funtuwa, wuta ta ɗauke, fitilar ƙwai biyu kaɗai ke ci a zauren taron manoman auduga. Wani tsohon mai kukuma daga Ƙarfi yana wasansa na ƙarshe, don tari ya ci ƙarfinsa. A gabansa wata Bayarabiya ce tsugune, gajeriya, ta ci ɗamara da gyale, kyamara rataye a wuyanta. Na ji ana kiranta Risikat.

Babban ɗan tsohon ya duƙa kusa da ita. "Baiwar Allah, ki haska fitilar kyamarar mana. Duhun ya yi yawa."

"Alhaji, in na haska, fuskarsa za ta fito fari fat, kamar ba shi ba," in ji ta da Hausarta tas. "Kuma hoto ɗaya ya rage a fim ɗin. Matso da fitilar can kusa da kuncinsa."

Ta buɗe idon kyamarar iyakarsa, ta rage saurin ƙiftawarsa, ta kafa gwiwar hannu a kan benci. An ce mahaifinta mai shagon ɗaukar hoto ne, ina jin a can ta koyi wannan haƙuri. Hannun tsohon yana gudu a kan kukumar, ita tana jira, ko numfashi ba ta yi. Can ya ja doguwar murya, ya lumshe ido, ya tsaya cak. Ta danna.

"Ya fito?" Alhajin ya tambaya.

"Sai na wanke," ta ce. "Amma hannuna bai motsa ba."