Ɗan Garuwan da Ya Ƙi Ruwan Rafi

A da, da hantsi za ka ga Malam Nababa yana tura kurar jarkoki a hawan unguwar Mpape, gumi na tsiyaya, daga burtsatsen can ƙasa zuwa layin masu kifi na kasuwa. Ruwansa suke yayyafa wa tarwaɗa da karfasa duk yini don kada su bushe, da shi suke wanke wuƙa da tire.

Akwai rafi kusa da kasuwar, wanda kwatocin unguwa da bayan gida ke zuba a ciki. Can sauran 'yan garuwa ke cika jarka su dawo nan da nan, ruwan nasu kuma da arha. Mutum ya ɗebo ƙazanta da hannunsa, ya kai a zuba wa abincin jama'a, ko kunya babu!

Nababa ya ƙi. Masu kifi suka watse masa ɗaya bayan ɗaya, har da yi masa dariya. Rosemary, wadda ta fi kowa ciniki a layin, ta ce masa, "Baba, ruwa ruwa ne. Wuta zai kashe komai, oga."

Ya ce, "Wuƙar fa, 'yata? Ita ma dafa ta kike yi? Da hannun da kike ba yaranki abinci?"

Ba ta ji ba, sai da damina ta kwantar da 'yarta da amai da gudawa, aka yi ta yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Nas ɗin ta ce ƙwayoyin cuta ne, irin waɗanda ƙazamin ruwa ke bari a jikin ɗanyen kifi su bi hannu su shiga ciki. Rosemary ta koma wa Nababa, wasu ƙalilan suka biyo ta. Sauran har gobe suna rafi, kuma abin yana ƙona mini rai.

Malam, kai ne ka zaɓi hanya mai nisa alhali cinikinka na mutuwa. Mutane da yawa sun ci kifi sun kwana lafiya, ba su ko san sunanka ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Yanzu gwiwar Nababa ta gaza, zai koma gida Malumfashi. Masu saye, ku riƙa tambayar ruwan da aka wanke kifi da shi. 'Yan garuwa kuma, kurar Nababa tana jingine a bayan rumfar Rosemary, har yau babu wanda ya zo ya ɗauka.