Malam Barau, Wanda Ba Ya Buga Takarda Sai Ya Ga Gida

Tun shekarar da aka sami 'yancin kai, da hantsi ya ɗaga za ka ga Malam Barau ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar da ke kusa da gidan waya na Birnin Kudu. Sai ya sauke tafiretarsa, ya goge ta, ya ɗiga mata mai, ya gyara zaman tabarau, sannan ya dubi na farkon layi ya ce, "To, me ke tafe da kai?" Shekara ashirin da uku yana haka. Watan jiya ya daina fitowa, idanu sun gaji. Na bi ta wurin ranar Juma'a na tarar mai rake ya gaje inuwar, kewa ta kama ni har na kasa wucewa da sauri.

Wasiƙa kam kowane mai tafireta yana bugawa. Inda Malam ya fita daban shi ne takardar neman tallafin karatu da ake aikawa Kano. A nan ba ya yarda da bakin uban yaro, don ya san mutanenmu: magidanci yana cikin tsananin wahala, ka tambaye shi ya ce maka sai godiya. Zahara'u ta Kwandiko, wadda yanzu ungozoma ce a Gwaram, ta ce da damina ya je gidansu, ya tsallake rafi da keke a kafaɗa, don ya ga mahaifinta da ciwon ƙafa ya kwantar.

Ni ma, Hadi, shaida ne. A 1974 na sami gurbin karatu a jami'a a Zariya. Lokacin mahaifiyata, Inna Barira, ta shekara biyu da tarin fuka. Zirga-zirgar asibiti daga garinmu Sara zuwa Birnin Kudu da Kano ta cinye shanun huɗarmu, ta haɗa da fadama. In ban sami tallafin nan ba, karatu ya ƙare ke nan.

Fom ɗin yana tambayar abin da uba ya mallaka, da ko akwai wata lalura a gida. Mahaifina, Malam Manu, ya sha rigarsa ta Sallah muka je gindin dalbejiya. Ga mutane a layi suna ji, sai ya ce, "Rubuta shanu biyu da fadama. Iyali kowa lafiya lau."

Ina tsaye ina ji. Wane ɗa ne zai ƙaryata ubansa a bainar jama'a? Malam Barau ya dube ni ta saman tabarau, ya zare takardar ya ce, "Malam Manu, ranar kasuwar Sara ina tafe. Ma ƙarasa a gida."

Ya kuwa zo. Bayan an gaisa a zaure ya ce, "Kai ni in ga shanun nan mana, ni ma ina neman na huɗa." Baba ya sunkuyar da kai. Sai tarin Inna ya taso daga cikin gida, mai tsawo.

"Ba zan kai ciwon iyalina ofis a yi ta karantawa ba," in ji Baba. "Ni ba maroƙi ba ne."

Malam ya ce, "Ba roƙo ba ne, haƙƙin yaron nan ne. Amma in ka ce kana da shanu, wani za a ba."

Baba ya ƙi. Sai muka ji muryar Inna a bayan ƙofar zaure, ashe ta dafo bango ta iso. Ta ce, "Malam, ciwon nawa ne, ba na maigida ba. Rubuta sunana, rubuta ciwon. Hadi, ɗauko katunan asibitin nan ka ba shi." Ita ta dangwala yatsa a takardar. Baba ya fita, amma bai hana ba.

Tallafin ya fito. Na karanta wa Inna amsar, ta sa na maimaita. Ina zangon farko a Zariya ta rasu. Har yau in na ji tari irin nata sai na waiwaya.

Kai ne ka san yadda ake fito da gaskiya ba tare da an tozarta mai gida ba, Malam. Barau na Birnin Kudu, mai takawa har ƙofa. Ku da kuke zaune a ofis yau kuna karɓar irin takardun nan, ku riƙa tunawa cewa wanda ya fi bukata sau da yawa shi ne zai rubuta lafiya lau. Ku tashi ku je ku gani.

Da na je gaishe ka makon jiya, da murya ka gane ni. Na fara godiya ka katse ni, ka tambaya ko Inna ta ga ranar da na gama karatu. Na ce ba ta gani ba. Sai ka ce, "Ita za ka yi wa godiyar, ni bugawa kawai na yi."

Ita ba ta nan balle in yi mata, Malam. Ka yi haƙuri ka karɓa: na gode, Allah ya saka maka da alheri.