Bakanike da Allura

A bencin tasha wani ƙato yana zaune, duk faratansa baƙin mai, da gani bakanike ne. 'Yarsa ƙarama tana tsaye tsakanin gwiwoyinsa, gefen rigarta a yage. Ya zaro allura daga hularsa, ya lashi bakin zare, ya zura tashi ɗaya. Wannan hannun ba yau ya fara ba; ƙila ya daɗe shi ne uwa, shi ne uba.

Wani direba ya tuntsire da dariya. "Maigida, ɗinki kuma? Ina matar gidan?"

Ko kai bai ɗaga ba. "'Yarka ce ko tawa?"

Ya ciji zaren, ya kakkaɓe rigar. "Juya, Mamana, su gani da kyau."

Ta juya har sau biyu, tana murguɗa wa direban baki.