Jar Ƙasa Maimakon Ruwa

Duk sanda wani ya danna hannun famfon da ke gaban shagona a kasuwar Isa, ƙarfen ya yi kuka, sai kakana ya faɗo mini a rai. Na daɗe ina sayar da fayif da kawunan famfo, amma kunnena bai saba da wannan ƙara ba.

Ƙauyenmu yana bayan Turba, gidaje kaɗan da rijiya ɗaya, wadda kakana ya haƙa da hannunsa. A bazarar da nake aji shida, guga ta fara dawowa da laka. Mata su fita da jakuna tun asuba, su komo da hantsi da ruwa mai warin shanu. Magidanta suka fara maganar tashi.

Dattawa suka ce a kai kuka ofis, kuma da Turanci. Ni kaɗai ne ɗan boko a garin. Kakana ya zaunar da ni a gindin dogon yaro.

"Ka hwaɗa musu rijiyar burtsatse muka so. Ka san sunanta da Turanci, ko allin banza kaka ci?"

"Na sani, Baba."

Ban sani ba. Kalmomi biyu nake ji a bakin direbobi, kowace tana ƙarewa da hole, wato rami. Na ɗauka rami rami ne. Na rubuta cewa damuwarmu pothole ce. Yau ko daga barci ka tashe ni za ni bambanta maka su. Borehole ramin da ake hudawa da gangan har a cim ma ruwa. Pothole ramin da ke cin hanya. Ɗaya haƙa shi ake yi, ɗaya binne shi.

Bayan wata biyu tifa ta zo ta juye jar ƙasa a kan hanyarmu. Direban ya nuna takardata, ya fassara. Kakana ya dubi tulin ƙasar, ya dube ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Mun roƙi rami, an kawo muna abin cike rami," in ji shi. "To, Allah shi sa ma hanya albarka."

Hanyar kuwa ta yi kyau. Ita mutane suka bi suka tashi, gida bayan gida, har da mahaifina da mu. Kakana ya ƙi. Ya ce ba ya barin rijiyarsa ita kaɗai. Ganina na ƙarshe da shi, yana zaune a bakinta, guga a cinya. Can ya rasu.

Da kasuwa ta karɓe ni, na kai inji ƙauyenmu na huda burtsatse kusa da tsohuwar rijiyar. Ruwan garai-garai, ba ya yankewa. Makiyaya ne ke shayar da shanu idan sun ratsa.

Nakan je a babur bayan la'asar, in danna famfon da kaina. Ruwa ya zubo, ya bi ƙasa, babu mai tara bokiti.